Sinadari Ɗaya, Siffa Dabam-Dabam: Abin da Gwajin Ingancin Magani Ke Gani da Abin da Ke Kuɓuce Masa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba hanyoyin kimiyyar sinadarai da ake bi wajen tantance ingancin magani, ta fi tsayawa a kan abu biyu da ba kasafai ake bin diddiginsu ba bayan magani ya shiga kasuwa: siffar kiristal da sinadarin ya ɗauka, da yadda zafi da laima ke sauya shi tsakanin masana'anta da hannun majiyyaci. An ɗauki abin da ya sami ritonavir a 1998 da matsalar mebendazole a matsayin manyan misalai. Hujjar maƙalar ita ce, auna yawan sinadari shi kaɗai bai isa a ce magani zai yi aiki ba, kuma wasu gwaje-gwaje masu arha da muke da kayansu a hannu sun cancanci a ba su gaba.

Gabatarwa



Duk maganin da aka kawo ɗakin gwaji, tambaya biyu ake fara yi masa. Abin da aka rubuta a jikin kwali yana ciki? In yana ciki, ya kai adadin da aka rubuta? Tambayoyi ne masu kyau, da su aka kama jabu masu yawa. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2017, an ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, ko dai jabu ne ko bai cika inganci ba. Jabun shi ya fi ɗaukar hankalin jama'a, don shi ake tarawa a bayan gari a banka masa wuta a gaban 'yan jarida. Mara ingancin ba a cika jin labarinsa ba. A cikinsa kuwa akwai wani iri da ya fi kowanne wuyar kamu: kamfanin gaskiya ne ya yi shi, sinadarin yana ciki, adadin ya cika cif, amma majiyyaci ya sha bai ga aiki ba. A kan wannan iri nake so mu ɗan daɗe.

Yadda sinadari ɗaya ke zama abu biyu

Yawancin magungunan da ake haɗiya garin kiristal ne, aka danne shi ya zama ƙwaya ko aka ɗura shi a kafso. A cikin kiristal, molekul suna jere bisa tsari mai maimaita kansa, kuma molekul iri ɗaya na iya yin jeri fiye da ɗaya. Magini kan ɗauki bulo iri ɗaya, adadi ɗaya, ya tayar da katanga biyu: ɗaya a sarƙe, kowane bulo ya hau kan gaɓar na ƙasansa, ɗayar kuma ya ɗora su kai tsaye. Mai ƙirga bulo zai ce duk ɗaya ne. Ruwan damina ne zai nuna wadda ta fi saurin zubewa. Haka siffofin kiristal suke: sinadari ɗaya, amma sun bambanta a saurin narkewa cikin ruwa, da zafin da ke mai da su ruwa, da yadda suke karɓar matsi a injin buga ƙwaya.

Ba sabon ilmi ba ne. Tun 1832 Wöhler da Liebig suka ga benzamide ya fito kamar siraran allurai masu sheƙi, bayan ɗan lokaci kuma alluran suka rikiɗe suka koma wasu kiristal masu kusurwa. A 1897 Ostwald ya lura cewa sau da yawa siffar da ba ta da cikakkiyar natsuwa ita ke fara fitowa, daga baya mai natsuwar ta biyo. To, a nan gizo ke saƙar, domin siffar da ta fi natsuwa ita ce mafi ƙarancin narkewa. Maganin da bai narke a ciki ba kuwa ba zai ratsa hanji ya shiga jini ba.

Ritonavir

Kamfanin Abbott na Amurka ya sami izinin sayar da ritonavir, da sunan Norvir, a watan Maris na 1996. Lokaci ne da magungunan da ke daƙile ƙwayar cutar ƙanjamau suka fara mai da mutane daga bakin kabari. An fitar da shi iri biyu, na ruwa da kafso. Abin da ke cikin kafson ma ba gari ba ne, sinadarin narkakke ne a cikin haɗin da ke da etanol da ruwa. Saboda haka babu wanda ya ga dalilin damuwa da siffar kiristal, tunda dai za a narkar da shi tun a masana'anta. Siffa ɗaya tak aka sani, kuma an yi rukuni kusan 240 na kafson ba tare da wata matsala ba.

A tsakiyar 1998 sai wasu rukunai suka faɗi gwajin narkewa. Da aka buɗe kafson aka duba da madubin ƙara girma, sai ga kiristal a ciki, inda bai kamata a ga ko ɗaya ba. Hasken eksire ya tabbatar da cewa sabuwar siffa ce, aka sa mata Siffa ta II. A cikinta molekul ɗin ya murɗe ta wata fuska dabam a gaɓar kabamet, abin da ya ba shi damar ƙulla haɗin haidurojin mai ƙarfi da maƙwabtansa. Narkewarta ba ta kai rabin ta Siffa ta I ba. Wato haɗin da ke cikin kafso, wanda da yake riƙe da sinadarin daram, yanzu ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa, sai rarar ta riƙa daskarewa.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne yadda sabuwar siffar ta bazu. Duk ɗakin da ta shiga, tsohuwar ta ƙi fitowa, ko da an bi hanyar da aka saba bi shekara biyu. Ƙurar kiristal da ido ba ya gani ta isa ta zama iri. Masana'antar kamfanin da ke Italiya ta ci gaba da samar da Siffa ta I, har sai da ma'aikatan da suka yi aiki da Siffa ta II suka kai ziyara can. Ba a jima ba ita ma ta kamu. Masu binciken kamfanin sun karkata ga cewa wani ɗan gurɓataccen sinadari da ke fitowa daga lalacewar ritonavir ɗin kansa, mai kama da murɗin Siffa ta II, shi ne ya zama irin farko.

Dole aka janye kafson, majiyyata suka koma shan na ruwa mai mugun ɗanɗano, har zuwa 1999 da aka fito da sabon kafso mai laushi wanda aka tsara bisa narkewar Siffa ta II, shi kuma sai an ajiye shi a firiji. An ƙiyasta asarar kamfanin da kusan dala miliyan 250. A 2003 wasu masu bincike suka yi gwajin daskarwa kusan 2,000 da abin da bai kai giram 2 na sinadarin ba, suka gano ƙarin siffofi uku. Da ma Walter McCrone ya faɗa tun 1965 cewa yawan siffofin da aka sani ga sinadari yana bin yawan lokaci da kuɗin da aka kashe wajen nemansu.

Labarin ya iso gare mu ta hanyar firiji. Haɗin lopinavir da ritonavir, wanda ake komawa gare shi in magungunan farko sun daina aiki, a kafso mai buƙatar sanyi ya fara fitowa, abin da bai dace da asibitin da wuta ke zuwa ta ɗauke ba. Sai a 2005 aka samu ƙwayarsa mai jure zafi, inda aka narkar da sinadarin cikin wani polima da zafi, aka bar shi ya sandare ba tare da ya yi kiristal ba ko kaɗan. Wannan ita ce ta shigo Afirka da sunan Aluvia. Matsalar ba ta tsaya kan ritonavir ba: a 2008 an janye filastar Neupro ta masu cutar Parkinson daga kasuwar Amurka, saboda sabuwar siffar rotigotine ta fito a jikin filastar, ba ta dawo ba sai 2012.

Wace na'ura ke ganin me

Uwar ɗakin gwajin magani a yau ita ce HPLC, jikanyar kuromatogirafin da Mikhail Tswett ya fara raba launukan ganye da shi a farkon ƙarni na 20. Ana niƙa ƙwayoyi, a narkar, a tace, a tura ruwan da matsi ta cikin siririn bututu cike da garin silika. Kowane sinadari da lokacin fitowarsa, sai a kwatanta girman tsininsa da na samfurin ma'auni. Ga ƙwayar farasitamol, kundin magunguna na Amurka ya yarda da kashi 90 zuwa 110 cikin ɗari na abin da aka rubuta. Na'ura ce da ba ta da na biyu wajen auna adadi da bankaɗo gurɓatattun sinadarai. Sai dai matakinta na farko shi ne narkarwa, kuma da zarar an narkar, shaidar siffa ta tafi. Siffa ta I da ta II na ritonavir tsini ɗaya za su ba ka, a minti ɗaya.

Wadda ke ganin jerin kai tsaye ita ce na'urar eksire ta gari, bisa dokar da Bragg da ɗansa suka kafa a 1913. Ana shimfiɗa garin a ɗan faifai a daidaita samansa, a haska shi da eksiren tagulla mai tsawon zango angistirom 1.54, na'urar tana juyawa a hankali daga kusurwar digiri 5 zuwa 40 ko makamancin haka. Kowace siffa da inda tsinayenta ke fitowa, kamar zanen yatsa. Amma akwai tarko. Kiristal masu siffar allura sukan kwanta duk ta fuska ɗaya, wasu tsinaye su kumbura wasu su ɓace. In ka ce bari in niƙa sosai don in gyara wannan, niƙan kansa na iya juya siffar, ka auna abin da kai ka ƙirƙira. A cikin ƙwayar da aka gama kuwa, laktos da sauran kayan haɗi suna da nasu tsinayen, sukan rufe na maganin, musamman in maganin miligiram kaɗan ne.

Na'urar DSC tana ɗumama miligiram 2 zuwa 5 a ɗan kofin alminiyam, galibi digiri 10 a minti, tana rubuta inda samfurin ya sha zafi ko ya fitar. Ga farasitamol aikinta a fili yake: Siffa ta I na zama ruwa a wajen digiri 169, ta II a wajen 157. Ga ritonavir kuwa tazarar kusan digiri 3 ce, ba abin dogaro ba ne shi kaɗai. In ana zargin ruwa ya shiga cikin jerin kiristal, sai a haɗa da auna raguwar nauyi yayin ɗumamawa, ko hanyar Karl Fischer ta 1935.

Sai hasken infared da na Raman, waɗanda ke karanta girgizar haɗe-haɗen da ke cikin molekul. Tunda haɗin haidurojin ya bambanta daga siffa zuwa siffa, tsinayen sukan ɗan gusa. A shari'ar da aka yi a Amurka a shekarun 1990 tsakanin Glaxo da Novopharm kan siffar ranitidine ta biyu, tsinin infared da ke 1045 yana cikin abubuwan da lauyoyi suka yi ta kai ruwa rana a kai. Na kawo wannan ne don a ga cewa kamfanoni ba su ɗauki siffa da wasa ba in kuɗi ne a tsakani.

Mebendazole, maganin tsutsar ciki

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne mebendazole, ɗaya daga magungunan da ake raba wa 'yan makaranta don tsutsar ciki. Siffa uku gare shi, A da B da C. B ta fi narkewa, har ana gudunta saboda illa. A ta fi natsuwa, ta fi ƙin narkewa, kuma a wani gwaji da aka yi kan majiyyata a Tailan a farkon shekarun 1990, ba ta fi ƙwayar da ba magani a cikinta aiki ba. C ake so. Masu bincike a Afirka ta Kudu sun tarar da garin mebendazole da ake sayar wa masana'antu ba duka ne C ba, sannan suka nuna cewa C kan koma A a cikin ƙwaya in ta sha zafi da laima, kuma juyin ya fi sauri in tun farko akwai ɗan ɓurɓushin A a ciki.

Ku dubi abin da wannan ke nufi. Ƙwaya ta bar masana'anta lafiya, ta kwana a sito mai zafi, ta isa makarantar firamare a matsayin Siffa A. HPLC za ta ce kashi 99 cikin ɗari. Yaro ya tauna, tsutsa na nan daram, mu kuma mu fara rubuta maƙaloli cewa tsutsa ta daina jin magani. Alhali infared na raba su cikin 'yan mintuna: tsinin haɗin naitirojin da haidurojin yana wajen 3370 a Siffa A, yana wajen 3410 a Siffa C. Kundin magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa gwajin infared don tabbatar da Siffa C a ƙwayoyin mebendazole. Na'urar infared kuwa ba baƙuwa ba ce a sassan kimiyyar sinadarai na jami'o'inmu.

Gwajin narkewa

Gwajin da ya tona asirin ritonavir ba wani mai tsada ba ne. Kofunan gilashi shida ne masu zagayayyen gindi, a jere cikin bahon ruwan ɗumi. Ga farasitamol, kowane kofi na ɗauke da mililita 900 na ruwan fosfet mai pH 5.8, a zafin digiri 37, zafin jikin mutum. Ana jefa ƙwaya ɗaya a kowanne, wani ƙarfe mai faffaɗan baki yana juyawa sau 50 a minti. Mai gwajin da ya san aikinsa ba ya tafiya shan shayi, tsugunnawa yake ya zuba ido. Ƙwaya mai kyau takan fashe ta watse cikin ɗan lokaci. Wata takan kumbura ta tsaya kamar curin ƙullu, wata ta taru a gindin kofi, wani kafson kuma ya yi wata yana mai kama da leda da ta ƙi fashewa, alamar jelatin ɗin ya sarƙe saboda zafi da laima. Bayan minti 30 a ɗebi ruwan a auna, ana neman kashi 80 cikin ɗari ya narke.

A ganina wannan ne gwajin da ya fi kusa da tambayar majiyyaci, don shi kaɗai ke haɗa siffar kiristal, girman gari, ƙarfin matsi da tsufan ƙwaya a amsa ɗaya. Carbamazepine na masu farfaɗiya shaida ne: in ya sha laima yakan ɗauki molekul biyu na ruwa cikin jerinsa, ƙwayar ta taurare, narkewa ta ja baya, kuma hukumar FDA ta Amurka ta yi gargaɗin cewa yana iya rasa kusan sulusin ƙarfinsa. Adadin sinadarin bai ragu ba, gwajin narkewa ne kawai ke nunawa.

Amma shi ma ana iya rufe masa ido. Ruwan da kundin Amurka ya tsara don mebendazole yana ɗauke da kashi 1 cikin ɗari na wani sinadarin sabulu, sodiyam loril salfet, don a taimaka wa maganin ya narke. Taimakon ya yi yawa: a cikinsa siffofin uku duk sukan ci gwajin, in aka cire sabulun kuwa bambancin ya fito ƙarara. Saboda haka bin kundi sau da ƙafa ba ya ɗauke wa mai gwaji nauyin tambayar ko ruwan da ya zuba yana iya bambancewa.

Zafi, laima da wa'adin da ke jikin kwali

Wa'adin da aka buga a kwali alkawari ne mai sharaɗi. An samo shi ne ta hanyar ajiye maganin a akwati mai tsayayyen zafi da laima, ana ciro samfuri a wata na 3, 6, 9, 12, 18, 24, ana aunawa. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ICH ta 2003 ta tsara digiri 25 da laima kashi 60 don dogon gwaji, da digiri 40 da laima kashi 75 na wata shida don gwajin gaggawa. Ga ƙasashe masu zafi an tsaurara: digiri 30 da laima 65, ko digiri 30 da laima 75 ga masu tsananin laima, kuma a wannan rukuni na ƙarshe Nijeriya take. Akwai kuma gwajin haske, da gwajin azabtarwa da gangan da asid, alkali da zafi, don a tabbatar cewa hanyar HPLC da aka zaɓa tana iya raba maganin da abin da ya rikiɗe ya zama. Wannan na ƙarshe ana yawan raina shi. Hanyar da ba a azabtar da samfuri an gwada ta ba, tana iya haɗa magani da gawarsa a tsini ɗaya, ta ce komai lafiya.

Digiri 30 da laima 75 hoton Legas ne da Fatakwal. Ba hoton Sakkwato ba ne, ko Maiduguri, ko Damagaram. A nan a watan Afrilu zafin rana kan haura digiri 40 a inuwa, balle a shagon kemis mai rufin kwano da ke kallon yamma, inda kwalayen da ke kantar sama suke dab da kwanon. Balle kuma bayan babbar motar da ta taso daga Apapa ta kwana biyu a hanya. Lissafin Arrhenius na 1889 ya nuna cewa saurin lalacewa ba ya hawa a miƙe: a ƙiyasi, kowane ƙarin digiri 10 yana ninka shi biyu ko fiye. In muka ɗauki ninki biyu kawai, maganin da zai yi wata 24 a digiri 30, wata 12 zai yi a digiri 40. Don haka matsakaicin zafin shekara yaudara ne, sa'o'in azahar na bazara sun fi dararen hunturu nauyi a lissafin. Saboda wannan aka ƙirƙiro ma'aunin matsakaicin zafi na kinetik.

Akwai kuma abin da akwatin gwaji ba ya kwaikwayo ko kaɗan. A hunturu laimar iska a Arewa kan sauka ƙasa da kashi 20, a Agusta ta haura 70. Magungunan da ruwa ke cikin jerin kiristal ɗinsu, irin su amoxicillin da ampicillin masu molekul uku na ruwa, sun dogara ne da wannan ruwan don natsuwarsu. Zafi da bushewa na iya zare shi, abin da ya saura kuma ya fi saurin lalacewa in laima ta dawo. Kafson jelatin kan bushe ya yi ƙaras-ƙaras ya fashe. Kwali ɗaya yana iya shan bushewa, zafi da laima bi da bi kafin a sayar da shi, alhali an gwada shi ne a yanayi ɗaya da ba ya motsi.

Duk wannan ma in yana cikin mazubinsa na asali ke nan. Wa'adi na magani da mazubinsa ne tare. Katin da aka rufe da alminiyam gaba da baya ba ɗaya yake da mai leda a fuska ba. Gwangwanin ƙwaya dubu da ake buɗewa kullum a ƙirga goma a ƙulle a takarda, ya fita daga alkawarin tun ranar da aka fara buɗe shi. Haka wanda ke kan tiren mai talla a tasha, rana na dukansa. Wata lalacewar, hanci ma yana jinta: asfirin da ya sha laima yakan rabu gida biyu, salisilik asid da asetik asid, shi ne tsamin nan da ke bugun mutum in ya buɗe kwalba. Mafi yawa dai ba su da wari. Oxytocin da ake yi wa mai jego don tsayar da jini yana son digiri 2 zuwa 8. A wani bincike da aka buga a 2018 kan samfuran da aka tattaro a Nijeriya, kusan kashi 74 cikin ɗari sun faɗi gwajin adadi, kuma ruwan da ke kwalbar garau yake kamar kullum.

Abin da ba a tambaya ba

Zan ɗan ratse kaɗan, don makantar gwaji ba a siffa kaɗai ta tsaya ba. A 1990 yara 109 suka mutu a Nijeriya bayan shan farasitamol na ruwa, a 2008 zuwa 2009 wasu 84 suka mutu da maganin haƙori na My Pikin, a 2022 kusan 70 a Gambiya. Guba ɗaya ce, dayetilin gilaikol, wadda ta kashe mutum sama da 100 a Amurka tun 1937. Tana shigowa ne ta ruwan haɗi, gilisarin ko furofilin gilaikol, kuma na'urar HPLC mai idon hasken UV da ke auna farasitamol ba ta ganinta. Kuromatogirafin gas ake buƙata, iyakar da aka yarda kuwa kashi 0.10 cikin ɗari. Heparin na 2008 ya ci gwaje-gwajen kundi duk da an gauraya shi, sai na'urar NMR ce ta fallasa. Gurɓataccen sinadarin NDMA da aka samu a valsartan a 2018 ba ya cikin jerin abin da ake nema. A ranitidine ma ƙaruwa yake da tsufa da zafi, dalilin da ya sa FDA ta nemi a janye shi a Afrilun 2020.

Na'urorin tafi-da-gidanka su ma haka. Akwatin Minilab mai faifan TLC da Raman ta hannu irin TruScan da hukumar NAFDAC ta Nijeriya ke amfani da ita sun yi aiki babba a tashoshi da kasuwanni, amma tankaɗe ne na farko. A kudu maso gabashin Asiya masu yin jabun artesunate sun kai ga zuba ɗan kaɗan na gaske don su yaudari gwajin launi.

Inda aikin yake

NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta kai mataki na uku a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya a 2022, kuma tana da ɗakunan gwaji a Yaba, Kaduna da Agulu. Ba za ta iya bin kowace kanta ba, kuma gibin da nake magana a kai aikin jami'a ne. Na'urar eksire ta gari takan kasance a sashen nazarin duwatsu ko na fiziks tana auna yumɓu, masu haɗa magunguna suna gini na gaba ba su taɓa kai mata samfuri ba. Da irinta aka gano kalsait a jabun artesunate na Asiya, aka haɗa da ƙurar furannin da ke ciki aka bi sawunsu har kudancin Sin.

Binciken da nake ba da shawara ƙarami ne. A zaɓi magani uku da aka san rauninsu: mebendazole, carbamazepine da amoxicillin. A sa 'yar na'urar rubuta zafi da laima a sito, a bayan mota, da kantar sama da ta ƙasa a shaguna, ta yi shekara guda. A sayi rukuni ɗaya a tashin farko a ajiye rabi a sanyi don kwatance, a ɗebi sauran a ƙarshen hunturu, ƙarshen bazara da ƙarshen damina. Kowane samfuri a yi masa infared da eksire kafin a narkar da komai, sannan narkewa a ruwa mai sabulu da mara sabulu, adadi ya zo a ƙarshe. Akwatin ajiyar kwatancen dole ya kasance da wutar da ba ta yankewa da kuma takardar shaidar hakan, in ba haka ba shi ma ya zama wani shagon. Wanda zai sayo samfurin kasuwa kuma ya je a matsayin mai saye, da takardar likita a hannu, don in mai shago ya ga rigar ɗakin gwaji, daga sabon kwalin da ke ciki zai ɗauko, ba daga kantar da ke ƙarƙashin kwano ba.